Rayuwar Ɗalibai a Kwalejin Bagabaga ta Tamale

Tamale shi ne babban birnin Jihar Arewa a ƙasar Gana. A gefen birnin, wajen Sagnarigu, akwai Kwalejin Horar da Malamai ta Bagabaga, wadda gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe a shekarar 1944 don samar wa arewacin ƙasar malaman firamare. Makarantar kwana ce. Saboda haka abin da ɗalibi yake koya bayan an tashi daga aji bai gaza abin da yake koya a cikin aji ba.

Ɗaliban sun fito daga ƙabilu daban-daban. Akwai Dagomba, waɗanda su ne 'yan ƙasa a Tamale, akwai Gonja da Mamprusi da Frafra da Dagaba, akwai kuma 'yan kudu masu jin Twi. Da Turanci ake koyarwa, amma a ɗakin kwana kowa da harshensa. Wanda ya zo ba ya jin Dagbani, kafin shekara ta zagayo ya iya gaisuwa da ciniki. Idan kuma ya shiga kasuwar Aboabo ko unguwar Zango, sai ya tarar Hausa ma tana biyan bukata.

Ko a wajen cin abinci Hausa ba ta ɓuya. Da safe ana shan koko da ƙosai. Shinkafa da wake da ake dafawa tare, 'yan Gana suna ce mata "waakye", daga kalmar wake. Tuwon masara kuwa "tuo zaafi" ne, wato tuwon zafi. Ɗalibai da yawa suna faɗar waɗannan sunaye kullum ba tare da sanin asalinsu ba.

Zaman ba ya rasa wahala. Ruwan famfon Tamale daga kogin Farin Volta ake jawo shi, kuma da rani yakan yi ƙaranci a birnin. A irin wannan lokaci ɗalibi yakan yi sammako da jarka, ya yi layi kafin ya yi wanka ya tafi aji. A nan ne ake gane mai haƙuri da mai son kansa.

Maganar kuɗi ma babba ce. An daɗe gwamnati tana ba ɗaliban kwalejojin malamai alawus, wanda suke kira "alawa". An soke shi a shekarar karatu ta 2013/2014, sannan aka dawo da shi a 2017. Ga ɗan manomi daga ƙauye, wannan kuɗi shi ne sabulu da littafi da kuɗin mota zuwa gida. Shi ya sa ƙungiyar wakilan ɗalibai ba ta wasa da batun, kuma zaɓen shugabanninta yakan yi zafi kamar na 'yan siyasa.

Akwai kuma ibada da nishaɗi. Musulmi suna da ƙungiyarsu, Kirista suna da nasu, ranar Juma'a da Lahadi kowa ya nufi wurin ibadarsa. Da yamma ana buga ƙwallo. A watan Mauludi Dagomba suna bikin Damba, da kiɗa da rawa da hawan dawaki, kuma baƙon ɗalibi yakan bi abokinsa cikin gari ya sha kallo.

Amfanin wannan zama yana fitowa ne bayan an gama karatu. Tun daga 2018 kwalejojin malamai na Gana suke ba da digiri na shekara huɗu, daga nan a tura sabon malami inda ake bukatarsa. Sau da yawa ƙauye ne da ba a jin harshensa, ruwa kuma sai an je rijiya. Wanda ya saba gaishe da maƙwabcinsa da harshen maƙwabcin, ya saba cin tuwon da ba na gidansu ba, ba ya daɗewa yana baƙunta a can.