SANƘARAU: ABIN DA LIKITOCIN ZARIYA SUKA GANO

Ina kira ga malamai masu almajirai da fatake masu kwana a kasuwanni, tun daga Batsari da Ruma har Safana da Runka, su saurari wannan bayani tun rani bai yi nisa ba.

Ku sani, Allah ya naɗe ƙwaƙwalwa da laka cikin tantani uku, ya gudanar da wani ruwa garai-garai a tsakaninsu, wanda a jikin babban mutum bai wuce cikin kofin shayi ba. Sanƙarau shi ne kumburin tantanin nan. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo irin wannan kumburi cikin littafinsa Alƙanun da sunan sarsam, kuma cikin cututtukan jiki ya lissafa shi, ba taɓin iska ba.

A ƙasarmu kuwa, an yi masa bincike mai zurfi a makarantar likitoci ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka buɗe a 1967. Daga 1970 Likita Brian Greenwood, mutumin Ingila, ya shekara 10 a can, tare da Likita Hilton Whittle da Likita Sadiq Wali na Kano da waɗansu. Ba su tsaya a asibiti kaɗai ba, har ƙasar Malumfashi suka zo, suna shafo maƙogwaron mutane masu lafiya suna dubawa. Abin da suka samu abin mamaki ne: ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaron waɗansu mutane ba ta yi musu kome ba, tana kuwa yawo daga wannan zuwa wancan rani da damina. Amma ciwon kansa sai iska ta bushe yake tashi, da ruwa ya sauka sai ya kwanta. A ganinsu, busasshiyar iska da ƙura su ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, har ƙwayar ta sami hanya zuwa jini, daga nan ta kai ƙwaƙwalwa. Watau baƙo ne da ya daɗe a zaure, rani ke buɗe masa ƙofar cikin gida.

To, ga inda mutanenmu ke tirjewa. Likita ba ya tabbatar da sanƙarau sai ya ɗebi kaɗan daga ruwan nan da allura ta gadon baya. Da an ambaci haka sai dangi su ce za a gurgunta yaro, waɗansu har su sulale da shi da dare. Alhali kuwa laka tana ƙarewa sama da inda ake soka allurar, jiki kuma yana mayar da ruwan da aka ɗiba cikin sa'o'i kaɗan. In lafiya ne ruwan ya fito kamar na rijiya, in sanƙarau ne ya fito kamar ƙasari. A 1971 likitocin Zariya suka bayyana wata hanya ta gane irin ƙwayar daga ruwan nan da taimakon lantarki, ba sai an jira kwana ɗaya ko biyu ta tsiro ba. A 1979 kuma suka nuna cewa allura guda ta kuloramfenikol mai haɗe da mai tana warkar da mafi yawan masu ciwon, abin da ya ceci rayuka a ƙauyukan da babu gadon asibiti. Yanzu seftiriyazon ya maye gurbinta.

Tsoron jama'a yana da tushe, ban musa ba. A annobar 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Kano, yara 11 cikin kimanin 200 da aka sa a gwajin suka rasu, magana ta kai kotu. Saboda haka uba yana da haƙƙin ya tambayi likita abin da za a yi wa ɗansa. Amma tambaya daban, gudu da majiyyaci daban.

Allurar rigakafi ta MenAfriVac, da aka fara yi a nan a 2011, ta karya lagon irin da ake kira A. Sai irin C ya ɓullo a Zurmi, maƙwabciyarmu ta yamma, a ƙarshen 2016, ya bazu har Katsina da Sakkwato, mutum fiye da 1,100 suka riga mu gidan gaskiya. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da sabuwar allura mai tare iri biyar a haɗe.

Ya ku malamai, yara 30 a zaure guda, taga a toshe da tsumma saboda sanyi, wannan shi ne abin da ƙwayar ke so. A rarraba makwanci, a bar iska ta shiga. Almajirin da zazzaɓi da ciwon kai da amai suka kama farat ɗaya, wuyansa ya ƙi sunkuyawa, ko jaririn da maɗigarsa ta kumbura, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, kada a jira wayewar gari, domin ciwon yana kisa cikin yini guda. Wanda ya tashi kuma, a lura da shi, gama kimanin ɗaya cikin biyar yakan fita da kurumta ko farfaɗiya ko raunin hadda. In ana biya masa allo ba ya amsawa, a ajiye dorina, a kai shi a auna jinsa.