BAƘIN ƘARI A DASASHIN JARIRI: A GUJI SAKIYA, A NUFI ASIBITI



Akwai wani ƙari da ke fitowa a bakin jariri, ba kasafai ake ganinsa ba. Tun da likita Krompecher ɗan ƙasar Hangari ya fara bayaninsa a 1918, 'yan ɗaruruwa ne kawai aka rubuta labarinsu a duniya. To me ya sa zan cika muku kunne da shi? Saboda duk wanda ya gan shi zai rantse ƙurji ne ko haƙori ke son fitowa, a nan kuma ake yin ɓarna.

Yakan zo kafin yaro ya cika shekara 1, galibi ƙasa da wata 6. Wurinsa dasashin sama ne ta gaba, ƙarƙashin leɓe, ko da yake yakan fito a muƙamuƙin ƙasa ko ƙoƙon kai. Za ka ga kumburi mai tauri, launinsa baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, domin yana ɗauke da sinadarin nan da ke ba fatarmu baƙi. Ba ya ciwo, ba zazzaɓi, yaro na wasansa. Amma girma yake kamar ana hura shi. Cikin 'yan makonni sai ya ɗaga leɓe, ya ture haƙoran da ba su fito ba, ya ci ƙashi, har yaro ya kasa kama nono, wani ma hanci ya toshe.

Mafi yawansa ba kansa ba ne, ba ya bazuwa a jiki. Kaɗan ne ke rikiɗa. Kuma daban yake da kumburin muƙamuƙi na Burkitt, wanda ke kama yaran da suka fi haka girma.

Maigida, ga inda nake son ka natsu. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a yi sakiya. Babu mugunya a ciki, tsoka ce a cikin ƙashi, in aka tsaga jini kawai za a zubar, jinin jariri kuwa nawa yake? A cikin Bukhari an ruwaito Annabi (SAW) ya hana mata azabtar da yara da dannar maƙogwaro in yana musu ciwo. In danna da yatsa ya zama azaba, ina ga aska? Ni mai magani ne, amma ina gaya maka man habbatus sauda da man zaitun ba sa narkar da wannan ƙari. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kan hanyar asibiti.

A nufi babba kai tsaye, inda akwai likitocin tiyatar baki da fuska, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Za su ɗauki hoto, su gutsuri ɗan nama a auna. Maganinsa tiyata ce: a cire shi duka, a kankare ƙashin gefensa, wani lokaci har da haƙoran da ya kewaye. Kada wannan ya ɗaga maka hankali, haƙori da gyaran fuska ana yinsu daga baya. Gwargwadon ƙanƙantarsa, gwargwadon sauƙin aikin.

In ya girma har cirewa za ta lalata fuska, ko ya kusanci ido, ko ya bazu, sai a haɗa da kemo, wato magungunan kansa da ake sawa ta jijiya, don ya motse kafin a yi aiki. Gashi zai iya zubewa, ga amai, ga raunin garkuwar jiki. Yaron da ke kan kemo in jikinsa ya yi zafi, ko tsakar dare ne a koma asibiti, ba a jiran gari ya waye. Kada a ɗura masa jiƙo ko tsimi a ɓoye, hantarsa da ƙodarsa suna da aikin da ya ishe su. Uwa ta ci gaba da ba da nono, in ya kasa kamawa a tatsa a ba shi yadda ma'aikatan jinya suka nuna.

Bayan sallama kada a ce an gama. Yakan dawo a wasu yaran, musamman waɗanda ya kama tun suna 'yan makonni, kuma yawanci cikin wata 6 na farko. Ranar da likita ya sa a koma, a ajiye kuɗin mota tun da wuri. Uwa kuma ta riƙa ɗaga leɓen tana dubawa duk lokacin wanka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.