Auna Mabiyiya Da Alƙaluma: Abin Lura Ga Masu Sayen Na'urar Hoton Ciki

JOS: Daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo zuwa Asibitin Jankwano da ɗakunan hoto masu zaman kansu, na'urar hoton ciki ta zama jari mai kawo kuɗin shiga kullum. Sai dai masana na ƙoƙarin sauya yadda ake duba mabiyiya da ita, lamarin da ya shafi aljihun masu zuba jari.

Mabiyiya, wadda nauyinta kan kai kimanin giram 500 a ƙarshen goyon ciki, ita ce ke isar wa ɗan tayi abinci da iska. Idan ta gaza, jariri kan tsumbure, kuma matsalarta na da alaƙa da hawan jinin masu juna biyu da jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sakamakon ciki da haihuwa.

Tun 1979 likitoci ke bin tsarin Grannum, inda ake duban hoto da ido a ba mabiyiya mataki daga 0 zuwa 3. Illarsa ita ce likitoci biyu kan saɓa a kan hoto guda. Sabuwar hanyar kuwa tana ɗaukar ainihin amon da ya dawo daga nama, ta lissafa yadda sautin ya raunana da yadda ya warwatsu, ta ba da alƙaluman da za a iya kwatantawa daga wata zuwa wata.

A nan batun kasuwanci ya shigo. Wannan lissafi yana buƙatar ɗanyen bayanin amon, alhali yawancin na'urori, musamman na hannu da ake shigowa da su, hoto kaɗai suke fitarwa. Bugu da ƙari, akwai kuɗin manhaja da na daidaita ma'auni da horar da ma'aikata, ga tsadar dala da ta wutar lantarki.

Har yanzu hanyar tana matakin bincike, ba ta shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Saboda haka bai kamata mai saye ya biya ƙarin kuɗi a kan alkawarin dillali ba. Abin da ya dace ya tambaya a rubuce shi ne ko na'urar tana sakin ɗanyen bayani, ko za ta karɓi sabuwar manhaja, da kuma wanda zai gyara ta idan ta lalace a Jos.