Yadda Wasiƙun Yaudara Suka Lalata Tanderun Ƙarfe A Jamus

A watan Disamba na 2014 ne hukumar tsaron kwamfutoci ta Gwamnatin Jamus ta bayyana wani al'amari mai tayar da hankali. Waɗansu miyagu sun aika wa ma'aikatan wata masana'antar ƙarfe wasiƙun yaudara ta intanet. Ta haka suka shiga kwamfutocin ofis, daga nan kuma suka zarce zuwa na'urorin da ke sarrafa injuna. Kashe tanderun narka ƙarfe bisa ƙa'ida ya faskara, har aka yi mummunar ɓarna.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Muddin injuna suna haɗe da kwamfutocin ofis, kuskuren akawu ɗaya yana iya jawo wa masana'anta asara, ya kuma jefa rayukan leburori cikin haɗari. Don haka masana ke ba da shawarar a raba hanyoyin biyu.