Kanwa Ba Mismag Ba Ce

Na gaji da jin wannan magana a Kasuwar Shasha ta Ibadan. Ɗan dako ya gama sauke kwandunan tumatir, ƙwannafi ya taso masa, sai ka ga ya gutsuri kanwa ungurnu, ya jefa a kofin roba, ya kaɗa da yatsa ya shanye. Ka yi masa magana ya ce: "Haba malam, ai ita ce farin maganin da ke kemis, kwalba kawai aka zuba ta."

Ba ita ba ce. Farin ruwan nan da muke kira Mismag, cikin haɗinsa akwai garin magnesiyam kabonet, sinadarin da ake samu a farin dutse mai suna magnesait, wanda ƙasar Sin ta fi kowa haƙowa, a lardin Liyawnin. Dutse ne mai haƙuri. Ka jiƙa shi a ruwa ya kwana, da ƙyar ya narke, sai ya gamu da tsami irin na tumbi yake tsastsafa iska sannu a hankali. In an gasa shi kuwa, abin da ya rage ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,800, shi ya sa ake tubalin tanderun ƙarfe da shi.

Ita kanwa, wadda Yarabawa ke kira kaun, sodiyam ce jibge a cikinta, ɗan'uwan gishiri. Nan da nan take narkewa ta bi jini, ta tara ruwa a jiki, ta ingiza hawan jini. I, Mismag ma da ɗan sodiyam, amma aunannen abu ne. Wa ya auna gutsuren da ka ɓalla da haƙori, ga yashi ga ƙasa? Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego. Amma har yau ana ɗura wa 'ya'yan mutane.

A sa ta kaɗan a wake ko miyar kuɓewa, ba laifi. Mai hawan jini da mai ciki su rabu da jiƙonta. Shi ma Mismag ɗin ba shayi ba ne: yana sa gudawa, mai ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita, kuma kada a haɗa shi lokaci guda da kafso irin su tetarasaikilin, don yana hana su shiga jini. Ƙwannafin da ya yi mako biyu bai bari ba, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, asibiti za a nufa a ranar, ko motar kaya na jira.