Al'ummar Gansakuka da Yadda Masana Suka Raɗa Mata Sunaye

Idan damina ta yi tsakiya, marka ta zauna, har aka yi kwana uku ko huɗu ba a ga idon rana sosai ba, duk wanda ya zaga bayan ɗaki, ko ya sunkuya a gindin randa, ko ya dafa bakin tsohuwar rijiya, ba zai rasa ganin wani abu kore shar, mai laushi kamar karammiski, wanda ya shimfiɗu a jikin bango da dutse ba tare da kowa ya shuka shi ba. Sunansa a bakinmu gansakuka. Da wannan suna guda muke kiran koren yauƙin da ke taruwa a kan ruwan kududdufi, da shi kuma muke kiran ɓawon nan ruwan toka da ke manne wa jikin itatuwa da duwatsu, alhali kuwa waɗannan halittu uku ba dangin juna ba ne, nasabarsu ta yi nisa fiye da nisan da ke tsakanin kuka da gero.

Almajirin da ya karanta babin tsarki a littattafan Malikiyya ya riga ya gamu da ɗaya daga cikinsu, wato ɗuhlubu, wanda malamai suka yi bayanin cewa idan ya sauya kamannin ruwan da ya tsiro a cikinsa bai hana a yi alwala da ruwan ba. Wannan shi ne gansakukar ruwa, ba ta da kara, ba ta da ganye. Ta jikin itace kuwa haɗin gwiwa ce tsakanin dangin funfuna da dangin ita ta ruwan. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce ta uku, ta tudu, wadda take cikakken tsiro ce, kuma masana suka ƙididdige nau'o'inta suka tarar sun kai wajen 20,000 a faɗin duniya.

Abin da ya tara waɗannan nau'o'i a babi guda shi ne cewa ba su da fure, ba su da 'ya'ya, ba su da saiwa ta haƙiƙa sai wasu siraran zaruruwa da suke kama ƙasa da su, kuma ba su da irin ƙaƙƙarfan jijiyoyin nan da itace ke jawo ruwa da su daga ƙasa zuwa ƙololuwarsa. Da fatar jikinsu suke shan ruwa, shi ya sa ba su iya tsawo. Mafi tsayi a cikin masu tsayawa da kansu, wato Dawsonia ta ƙasashen Niyu Zilan da Ostireliya, da ƙyar take kai santimita 60. Haihuwarsu ma sai da ruwa, domin ƙwayar namiji iyo take yi a cikin ɗigon ruwan sama ko raɓa har ta isa ga ta mace, daga nan wani siririn wuya ya miƙe da ɗan tulu a kansa, cike da iri mai kama da ƙura, wanda iska za ta kwashe.

Masana sun kasa su gida uku. Gida na farko, wanda za mu kira gansakukar karammiski, shi ne mafi yawa, da nau'i wajen 12,000. Suna da ɗan kara da ƙananan ganyaye kewaye da shi, kuma tulunsu yana da murfi. Gida na biyu su ne 'yan hanta, nau'i fiye da 7,000, waɗanda wasunsu ke kwance a ƙasa fale-fale, masu rassa kamar ɓangarorin hanta, wasu kuma, waɗanda su ne suka fi yawa, suna da ganyaye jere biyu ko uku. Tulunsu ba shi da murfi, tsagewa yake yi, galibi gida huɗu, kuma a cikin ƙwayoyin jikinsu akwai wasu ƙulle-ƙullen mai da babu irinsu a sauran tsirrai. Sunan hanta ya samo asali ne daga zaton masu maganin Turai na dā, waɗanda suka ɗauka cewa duk tsiron da ya yi kama da wata gaɓa ta jikin mutum, to, maganin ciwon wannan gaɓa ne. Gida na uku su ne masu ƙaho, nau'i wajen 200 kacal, waɗanda a maimakon tulu suke fitar da wani dogon tsinke kore mai tsagewa daga sama.

Wannan rabo da muka zayyana cikin 'yan layuka bai samu a dare ɗaya ba. A shekarar 1729 wani masani na birnin Fulorans a Italiya, Pier Antonio Micheli, ya wallafa littafi inda ya siffanta 'yan hanta da dama, ya kuma raɗa musu sunayen da har yau ake amfani da su, kamar Riccia, wadda ya sa wa sunan wani dattijon garinsu. A 1741 Dillenius, Bajamushen da ke koyarwa a Jami'ar Okisfod, ya fitar da babban littafinsa mai zane-zane a kan wannan fanni, amma ya cakuɗa ta tudu da ta ruwa da ta jikin itace, kamar dai yadda harshenmu ya cakuɗa su. Shi kansa Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda a 1753 ya kafa ƙa'idar bai wa kowane tsiro suna biyu, na jinsi da na nau'i, tamkar sunan zuriya da sunan yanka, da ya zo kan waɗannan sai ma'auninsa ya gaza. Domin kuwa shi da ƙirga sassan fure yake raba tsirrai, su kuwa ba su da fure, saboda haka ya tara su duka a aji na 24, na ƙarshe, ya kira ajin da sunan da ma'anarsa ita ce masu ɓoyayyen aure, har ya saka 'yan hanta a layi ɗaya da gansakukar ruwa.

Wanda Allah ya ba buɗin wannan mas'ala shi ne Johann Hedwig, likita ne da aka haifa a 1730, ya zauna a birnin Laifzig na Jamus, wanda bayan ya sallami marasa lafiya yakan duƙufa a kan madubin ƙara girma yana zana abin da idonsa ya gani. Shi ne ya bayyana gaɓoɓin namiji da na mace na gansakukar karammiski, ya kuma lura da cewa idan murfin tulun ya faɗi, a bakinsa akwai jerin haƙora ƙanana, waɗanda adadinsu ke bin lissafi mai ban mamaki, 4, ko 8, ko 16, ko 32, ko 64, suna buɗewa idan iska ta bushe don irin ya fita, suna rufewa idan ta yi laima. Da siffar waɗannan haƙora ya raba jinsi da jinsi. Ya rasu a 1799 bai ga fitowar babban littafinsa ba, sai a 1801 almajirinsa Schwägrichen ya buga shi. Kuma saboda ingancin aikin, masana tsirrai suka yi ittifaƙi daga baya cewa sunayen wannan gida daga littafin nan suke farawa, duk sunan da ya riga shi ba a kafa hujja da shi, in ban da jinsin Sphagnum, wanda shi da 'yan hanta lissafinsu ke farawa daga 1753.

Ƙa'idodin raɗa suna a wannan ilmi za su yi wa mai karatun hadisi kama da abin da ya sani. Sunan da ya fara fitowa bisa sharaɗi shi ke da rinjaye a kan na baya. Wajibi ne a ajiye busasshen samfurin da aka siffanta a ma'ajiyar tsirrai, don mai shakka ya je ya duba da idonsa. Sannan ana liƙa wa kowane suna taƙaitaccen sunan wanda ya raɗa shi, ya zama kamar isnadi. Wanda ya ga an rubuta Marchantia polymorpha L. ya san ruwayar ta tuƙe ga Linnaeus, wanda kuma ya ga Funaria hygrometrica Hedw. ya san ta Hedwig ce.

Amfanin wannan tsanani ya bayyana a ƙissar Franz Stephani, wanda tsakanin 1898 da 1924 aka buga littafinsa mai juzu'i shida a kan 'yan hantar duniya. Matafiya suna aiko masa da samfura daga kowace nahiya, shi kuwa yana raɗa dubban sababbin sunaye, sau da yawa ga abin da shi ko wani ya riga ya raɗa wa suna daga wata ƙasa. Masanan da suka biyo baya sun shafe shekaru suna komawa kan samfuransa da ke ajiye a Janeba suna warware maimaicin, kuma sai a 2016 aka samu jeri guda na 'yan hanta da masu ƙaho na duniya baki ɗaya, wanda ya ƙunshi nau'i kusan 7,500. Wani tsiron kuma ya fi ƙarni guda yana ɗaure wa masana kai: an siffanta shi a 1861 daga tsaunukan Himalaya a matsayin ɗan hanta, aka gano ɗan'uwansa a Japan, aka ba shi sunan jinsi Takakia a 1958, amma saɓani bai yanke ba sai bayan da aka tsinci tulunsa a tsibiran Alushiyan da ke gefen Alaska wajen 1990, tulun ya shaida cewa ɗan gidan karammiski ne.

Game da mazauninsu kuwa, ƙanƙantar irinsu ta ba su ikon tafiyar da manyan itatuwa ba su samu ba, har ya zama nau'i ɗaya, kamar Bryum argenteum mai sheƙin azurfa, ana samunsa a tsagar daɓen titunan Landan, ana kuma samunsa a Antaktika. A can Antaktika, inda tsirrai masu fure na asali nau'i biyu ne tak, gansakukar karammiski ta kai nau'i wajen 100; kuma a 2014 masana suka ba da labarin wadda aka tono daga daskararriyar ƙasa a tsibirin Signy bayan shekara fiye da 1,500, aka ɗumama ta, ta sake toho. A ƙasashen sanyi na arewa, irin su Kanada da Rasha da Finlan, jinsin Sphagnum ne sarki: yana riƙe ruwa kusan ninki 20 na nauyinsa, yana tara gawar kansa shekara bisa shekara har ta zama ƙasa mai kauri, kuma irin waɗannan fadamu, ko da yake ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, sun adana sinadarin kabon fiye da dukan dazuzzukan duniya. A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 da shi aka riƙa ɗaure raunukan sojoji lokacin da auduga ta yi ƙaranci. Amma inda nau'o'i suka fi cunkoso shi ne dazuzzukan kan tsaunuka na ƙasashe masu zafi, inda gajimare ke kwana a cikin itatuwa, kamar tsaunukan Andis na Amurka ta Kudu da na Niyu Gini.

Wannan ƙa'ida ta laima ita ce ke mulki a yankinmu ma. A gangaren Dutsen Kamaru, da kurmukan Obudu da Mambila, rassan itatuwa sanye suke da gansakuka kamar an yafa musu bargo, har akwai 'yan hanta ƙanana da ba su tsirowa sai a kan ganyen wani tsiro; a kudu kuma wata fara-fara mai suna Octoblepharum ta saba da jikin itacen kwakwar manja. Yayin da mutum ke yin arewa, rani na ƙara tsawo, sai nau'o'in su riƙa raguwa, har ya rage masu haƙuri kaɗai, masu ɗayan dabaru biyu: ko dai su bushe ƙayau su dakata da rayuwa har ruwa ya dawo, ko kuwa su gama zamaninsu cikin 'yan makonnin damina su bar irinsu a ƙasa. Riccia, wadda ke fitowa a danyar ƙasar gefen fadama kamar ɗan koren tauraro da bai fi faɗin kwabo ba, da Fissidens, mai ganye jere biyu kamar gashin tsuntsu, wadda ke son inuwar gaɓar rafi da jikin suri, suna cikin waɗanda suka saba da ƙasa irin tamu.

Ita wannan Fissidens tana da ƙissa a tarihin kogin Kwara. A watan Agusta na 1796, matafiyin nan Mungo Park, wanda daga baya ajali ya same shi a Busa, yana komowa daga Segu a ƙasar Mali ta yau sai 'yan fashi suka tare shi, suka ƙwace dokinsa da kayansa, suka bar shi shi kaɗai a daji cikin damina. Ya ba da labari cewa a daidai lokacin da ya fid da rai, idonsa ya faɗa kan wata 'yar gansakuka ɗauke da tulunta, da ya dubi kyawun tsarinta sai ya tuna cewa Wanda ya shuka wannan, Ya shayar da ita a inda babu mai kallo, ba zai manta da bawansa ba. Ya tashi ya ci gaba da tafiya. Masana sun danganta wannan tsiro da jinsin Fissidens.

Bahaushe ba baƙo ba ne a ilmin sunayen tsirrai. Ya bambanta gamba da tofa, ya bambanta harkiya da ƙyasuwa da burburwa, domin makiyayi da mai jinka sun buƙaci haka, buƙata kuwa ita ke kaifafa ido. Gansakuka ba ta shiga tukunya ba, ba ta shiga abincin dabba ba, sai aka bar ta da suna ɗaya. Amma tana riƙe ƙasa daga zaizaya, tana adana laima, kuma ita ke fara zama a kan dutse da ƙonannen wuri kafin waninta ya iya. Littafin da ya tattara 'yan hanta da masu ƙaho na Afirka ta Yamma, wanda aka gina a kan aikin Eustace Jones na Okisfod, sai a 2004 ya fito, kuma da Turanci. Ɗaliban jami'o'inmu da za su bi duwatsun Jos da fadamun Haɗeja su tattara, su siffanta, su kuma raɗa sunayen Hausa, suna da fili a gabansu. Mafarin aikin bai fi ƙarfin kowa ba: a tsakiyar hunturu, a ɓanɓaro ɗan busasshen baƙin ɓawon nan daga inuwar tsohon bango, a ɗora shi a kan faranti, a ɗiga masa ruwa, a zauna a zuba ido. Idan aka dace da mai rai, kafin a gama shan shayi ganyayenta sun warware sun koma kore, daga nan kuma sai a fara tambayar sunanta.