Daga Ƙanƙarar Kanada Zuwa Filin Makarantar Boɗinga

A shekarar 1990 aka buɗe gasar duniya ta farko ta hoki na mata a birnin Ottawa na ƙasar Kanada. Wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa: 'yan wasa shida a kowane ɓangare, sanye da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa. Bayan shekara takwas ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan, inda Amurka ta ɗauki zinare, daga nan Kanada ta karɓe shi sau huɗu a jere, daga 2002 zuwa 2014.

Mai karatu a Boɗinga ko Shagari, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, yana da hujjar cewa ina ruwan biri da gada. Ƙanƙarar da muka sani ita ce ta sanyaya zoɓo. Amma akwai abu guda da ya kamata mu tsaya a kansa. Babbar hujjar iyaye wajen hana 'ya'ya mata wasanni ita ce sutura, kuma hujja ce mai nauyi wadda ban raina ba. To, 'yar wasan hoki a rufe take ruf, daga kwalkwali har safar hannu. Hukumar FIFA ta halatta lulluɓi tun 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. Sutura da motsa jiki ba kishiyoyi ba ne, sai in mu muka ga dama.

Rashin ƙanƙara ma bai hana wasu ba. A 2018 Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka ɗaga tutar Nijeriya a PyeongChang a tseren keken ƙanƙara. Sai dai, a faɗi gaskiya, a makarantun Amurka suka koyi gudu, inda darasin wasa ke da lokacinsa da malaminsa.

Wannan shi ne abin da muka rasa. Yarinyar da ta taso tana gaɗa da 'yar gala-gala a dandali, da ta shiga sakandare sai a ce ta zauna, filin makaranta ya koma makiyayar awaki. Ga ƙasar da jajis na Nana Asma'u suka riƙa ratsawa a ƙafa don koyar da mata, wannan koma-baya ne.

Ba na roƙon filin ƙanƙara. Ƙananan hukumomin biyu suna kan titi ɗaya, na Sakkwato zuwa Jega. Shugabanninsu na iya shirya gasar ƙwallon hannu da tsere tsakanin makarantun 'yan mata sau ɗaya a zango, cikin katanga, alƙalai mata, 'yan kallo iyaye mata, a lokacin hunturu. Kuɗin ƙwallaye, raga da motar ɗaukar ɗalibai bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa guda ba.